Tashar Jirgin Ƙasa ta Yawunde Zango Ce, To Ina Fatomanta?

 

Kowane birni na ƙasar Hausa da ƙofarsa aka san shi. Ta ƙofa baƙo yake shigowa, ta ƙofa ɗan gari yake fita neman arziki, kuma ba a taɓa barin ƙofa haka nan ba tare da wanda ya san mai shiga da mai fita ba. Mu Hausawan Yawunde ba mu da ganuwa, ba mu da sarkin ƙofa, amma ƙofa kam muna da ita. Ita ce tashar jirgin ƙasa da ke Elig-Essono, wadda mutanen gari ke kira "gar", tafiyar 'yan mintoci a tasi daga unguwarmu ta Briketeri. Da wuya a sami gida a unguwar nan da bai taɓa raka wani can da almuru ba, ko ya je tarbar wani da hantsi. Abin da muke so mu faɗa guda ɗaya ne: wannan tasha ita ce zangon zamaninmu, kuma zango yana da haƙƙi a kan mutanen da ke zaune kusa da shi. Haƙƙin nan kashi biyu ne, tarbar baƙon da ya sauka, da kuma buɗe baki a kan yadda ake tafiyar da jirgin da rayuwarmu ta rataya a kansa.

Waiwaye adon tafiya. Tun kafin a shimfiɗa ƙarfen dogo ko ɗaya a wannan ƙasa, ƙafa ce ta kawo kakanninmu. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Yola, ya biyo ta Banyo ko Ngaundare, ya sauko Tibati da Yoko, ya ƙetare kogin Sanaga, sannan ya iso barikin da Jamusawa suka kafa a nan a ƙarshen shekarun 1880. Sukan zo da tufafi da kanwa da kayan fata, su koma da hauren giwa da danƙo da goro. Tafiya ce ta watanni, cikin kurmi, cikin ƙasar da ba su jin harshenta, amma tana da tsari. Ayari yana da madugu, kowane zango kuma yana da fatoma, wato mai masaukin fatake. Shi ne zai tarbi baƙo, ya ba shi ɗaki, ya adana kayansa, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta a gaban sarkin gari, ya tsaya masa in rigima ta taso. Idan ciwo ya kama baƙo shi ke jinyarsa. Idan ajali ya riske shi, shi ke tara jama'ar da za su yi masa sutura, ya riƙe dukiyarsa amana har magada su zo. A kan wannan tsari ne unguwannin Hausawa suka tsiro a garuruwan kurmi.

Jirgin ƙasa ya zo daga baya, kuma daga bakin teku ya taso. Jamusawa ne suka fara. Sun gama layin Bonaberi zuwa Nkongsamba a 1911, suka kuma ɗauko wani daga Duwala ya nufo tsakiyar ƙasa. Ya kai wajen Eseka ke nan yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aiki ya tsaya. Faransawa da suka gaji mulki suka ci gaba da shi a 1922, kuma a 1927 jirgi ya shigo Yawunde, wadda a lokacin ta riga ta zama mazaunin gwamna. Abin da ya kamata 'ya'yanmu su sani shi ne kuɗin da aka biya, wanda ba a rubuta shi da sefa ba. Daga Eseka ƙasa takan tashi, duwatsu da kwazazzabai su tare hanya, kuma a wannan yanki, musamman wurin da ake kira Njok, an yi aikin da ƙarfin tuwo ne, da diga da shebur da kwando a ka. Ma'aikatan kuwa kamo su ake yi daga ƙauyuka ta hannun hakimai, ba da son ransu ba, kuma da yawansu ciwo da gajiya da yunwa suka kashe su a bakin aiki. Har yau in mutumin kudu ya ce "njokmasi", aikin tilas marar lada yake nufi. Ba a haramta wannan zalunci a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai 1946. Mafi yawan waɗanda suka sha wannan azaba 'yan kudu ne, Basa da Beti da maƙwabtansu, wato kakannin mutanen da muke zaune tare da su a yau. Wanda ya san haka ba zai shiga tashar nan da girman kai ba, kuma ba zai ɗauke ta kayan wata ƙabila ita kaɗai ba.

Fiye da shekara 40 Yawunde ce ƙarshen layi. Turawa ba su gina dogo don zumunci ba, sun gina shi ne don koko da katako da manja su isa jirgin ruwa, saboda haka fuskar tashar teku take kallo, ta ba arewa baya. Wanda zai je Adamawa a wancan zamani sai ya hau bayan babbar mota a kan hanyar jar ƙasa, in damina ta sauka kuwa ya yi kwanaki a hanya yana tura mota cikin taɓo. Bayan samun 'yanci a 1960, gwamnatin Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa mutumin Garwa ne, ta sa a gaba cewa sai dogo ya haɗa kudu da arewa. Aka fara aiki a 1964, kamfanin Cogefar na ƙasar Italiya ne ya yi shi, da kuɗin taimako da rance daga Turai da Amurka. Layi ya bi kwarin Sanaga ya isa Belabo a 1969, sannan ya ratsa dajin da kusan babu kowa cikinsa, ya hau tudun Adamawa, ya shiga Ngaundare a 1974. Kilomita 622 ke nan daga nan. Da wannan aiki tashar Yawunde ta daina zama ƙarshe ta koma tsakiya: hannunta ɗaya yana miƙe zuwa Duwala, kilomita 263 bayan an daidaita layin a shekarun 1980, ɗayan yana miƙe zuwa arewa. Hukumar gwamnati mai suna Regifercam ce ta riƙe jiragen har 1999, lokacin da aka damƙa su ga kamfanin Camrail. Sai dai a lura, riƙo aka ba kamfani. Dogo da tashoshinsa dukiyar ƙasa ce, wato dukiyar kowane ɗan Kamaru, har da mu.

Babu al'ummar da wannan sauyi ya taɓa rayuwarta a Yawunde kamar mutanen arewa. Tafiyar da kakanni suka yi cikin watanni, iyaye suka yi cikin kwanaki, ta koma ta dare ɗaya. Shanun Adamawa da a da ake korowa a ƙafa su iso a rame, suka sami tarago. Mahautanmu suka sami nama mai kyau, kuma sunan da tsire da kilishin Briketeri suka yi a birnin nan, har manyan ma'aikata ke zuwa layi da daddare, akwai rabon jirgi a cikinsa. An ce zumunta a ƙafa take, to jirgi ya zama ƙafar. Aure ya ƙullu tsakanin Yawunde da Garwa, mutum ya iya zuwa gaisuwar rasuwa a Marwa ya dawo cikin mako, yaro ya tafi karatun allo wurin kawunsa ya zo hutun salla. Harshenmu ma ya amfana, domin al'ummar da ta yanke da tushenta harshenta kan ƙafe cikin jika ɗaya ko biyu, mu kuwa jirgi na kawo mana masu Hausa da Fulatanci sababbi fil.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda hidimar tashar take. Babban jirginmu shi ne na dare, mai tashi wajen magariba, ya kwana yana tafiya, ya shiga Ngaundare da safe ko da hantsi in ba a sami tsaiko ba, akwai kuma mai tasowa daga can ya yo nan. Matakinsa huɗu ne: kujerun daraja ta biyu, inda talaka da mai kaya suke, da kujerun daraja ta ɗaya, sai taragun kwana da ake kira "kushet", mai gado huɗu da mai gado biyu, wanda kuɗinsa ya ninka na daraja ta biyu har da ɗori. Ana yankar tikiti a taga, da sunan mai tafiya, kuma sai da katin shaida. Akwai ɗakunan jira, akwai wurin auna kaya da aika saƙo, akwai 'yan dako, akwai jami'an tsaro, a cikin jirgin kuma akwai abinci na sayarwa. Yakan tsaya a Nanga-Eboko da Belabo da Mbitom da Ngaundal da ƙananan tashoshi, inda mata da yara ke fitowa da fitilu cikin tsakar dare suna miƙo ayaba da abarba da ƙullin rogo da kwalaben zuma ta taga. A ƙofar tashar Ngaundare motocin Garwa da Marwa da Kusiri na jira, daga Kusiri kuwa gada kawai za a ƙetare a shiga Njamena. Ta ɗaya ɓangaren akwai jirgin Duwala. Ban da waɗannan, jiragen kaya suna ratsa Yawunde dare da rana, ɗauke da auduga da katako da man fetur da shanu da hajar ƙasar Cadi, wadda ba ta da teku, ta Duwala take shaƙar iska.

Wannan duka hidima ce ta gaske, ba ma raina ta. Amma akwai abin da ba a sayarwa a tagar tikiti, kuma mu da muke riƙe wa dattijon unguwa alƙalami a zaurensa mun san shi, domin can labarin yake ƙarewa. Tsohuwa ce aka turo daga ƙauye ganin likita a babban asibiti, ba ta jin Faransanci, lambar ɗanta na cikin wayar da cajinta ya ƙare tun Belabo. Saurayi ne ya zo rubuta jarrabawar shiga aikin gwamnati, bai san kowa ba, kuɗinsa na mota ne kawai, ya kwana uku a barandar shago. Ɗan kasuwa ne da buhunan albasa, wani ya tare shi da sallama da Hausa mai daɗi ya ce shi ɗan uwa ne, ya ɗauki kaya ya shige lungu. Yarinya ce aka yi wa alkawarin aikin gida, wanda ya yi alkawarin bai zo ba, wanda ya zo kuwa ba alheri ya kawo shi ba. Wani lokaci kuma gawa ce a ɗakin ajiya na asibiti, babu wanda ya san sunanta, sai alamar sujada a goshi ta sa aka aiko unguwa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Duk waɗannan mutane ta ƙofa ɗaya suka shigo, a sa'a ɗaya da kowa ya sani, kuma da a ce akwai fuskar da za ta tarbe su a wannan sa'ar, da mafi yawan labaran nan ba su kai zaure ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda fatoma na gaskiya ba ya nan, na ƙarya ne ke tsayawa a madadinsa.

Kashi na biyu na haƙƙin ya fi nauyi, kuma ranar Juma'a 21 ga Oktoba 2016 ce ta koya wa ƙasar nan shi. A daren da ya gabata hanyar motar Yawunde zuwa Duwala ta yanke a wajen Matomb, ruwa ya cinye kwalbati, sai jama'a suka yi tururuwa zuwa wannan tasha tamu. Aka ƙara taragu takwas a kan taran da jirgin ya saba ja, ya tashi cike maƙil, ya kife a gangaren Eseka da tsakar rana. Lissafin hukuma ya ce mutum 79 ne suka rasu, fiye da 500 suka jikkata, aka yi zaman makoki na ƙasa baki ɗaya. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ambaci gudun wuce kima da lahanin birki da lodin da ya wuce ƙa'ida, ya ɗora babban alhaki a kan kamfanin, kuma a 2018 kotun Eseka ta same shi da laifi. Jirgin gaggawa na Duwala bai dawo aiki ba sai 2021. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba dukan iyalai haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Fasinja guda ɗaya, da tikitinsa a hannu da jaririnsa a kafaɗa, ba shi da bakin da zai tambayi lafiyar birki ko adadin taragu. Jama'a mai tsari ce kawai ke da wannan baki, kuma tun kafin ranar masifa ake gina shi.

Lokacin yin maganar kuwa yanzu ne. Layin arewa ƙwaya ɗaya ne, mai faɗin mita ɗaya, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha. Kowa ya san ribar reluwe a kaya take, fasinja nauyi ne da gwamnati ke ɗora wa mai riƙo. An sanar da shirin sabunta kilomita 330 tsakanin Belabo da Ngaundare da kuɗin Turai, ana shirin ɗebo ma'adinin alminiyam daga Minim-Martap a Adamawa a sauko da shi Duwala ta wannan dogo, an kuma daɗe ana zancen miƙa layin har Njamena. Duk alheri ne in an yi. Amma ranar da jiragen ma'adini suka yawaita a kan layi ɗaya tilo, wa zai tsaya a gefe ya jira wani ya wuce? In babu mai magana da yawun tsohuwar da ke daraja ta biyu, amsar a bayyane take.

Mun san akwai masu cewa zamanin jirgi ya wuce. Hujjarsu ita ce an shimfiɗa kwalta daga nan ta Bertuwa da Garwa-Bulai da Meiganga har Ngaundare, manyan motocin safa na tashi kowane lokaci, ba sai an jira magariba ba. Gaskiya ne mota ta sauƙaƙa abubuwa da yawa, mu ma muna hawanta. Sai dai hanyar motar ta zarce kilomita 800, zagaye take yi, kuma wanda ya taɓa zama a kujera ɗaya tsawon wannan tafiya da mai ciwon baya ko mace mai ciki ya san bambancinta da wurin da za ka miƙe ƙafa, ka kama ruwa, ka yi alwala. Dattawanmu ba su manta da shekarun zargina masu tare hanya ba, ba kuma wanda bai san yawan rayukan da hatsarin mota ke ci ba. Sannan garuruwa irin su Mbitom, dogo ne kasuwarsu da asibitinsu. Abu mafi muhimmanci kuma, ranar Eseka kanta ta nuna cewa ƙasar da ta dogara da hanya ɗaya, kwalbati guda ya ishe ta tsayawa cik. Mota da jirgi kishiyoyi ne masu amfanar mai gida: muddin ɗaya na nan, ɗayar ba za ta tsawwala kuɗi yadda ta ga dama ba.

Akwai kuma masu cewa, cikin kyakkyawar niyya, mu 'yan tsiraru ne, gara mu kama bakinmu mu ci gaba da kasuwancinmu, tasha ta hukuma ce, ita ta san yadda za ta yi da ita. Wannan magana ta tsoro ce da aka yi wa rigar hikima. Mu ba baƙi ba ne a birnin nan. Kakanninmu sun riga jirgi zuwa Yawunde, kaburburansu na nan, katin shaidarmu iri ɗaya ne da na kowa, harajinmu a baitulmali ɗaya yake shiga. Ɗan ƙasa in ya rubuta wa ma'aikatar sufuri takarda cikin ladabi bai yi tawaye ba, ya yi abin da doka ta ba shi. Kuma ba mu ce mu kaɗai za mu yi ba. A cikin jirgin nan ma Fulatanci ya fi Hausa yawa, akwai Barebari da Larabawan Shuwa da Gbaya da Mbum da mutanen Cadi, akwai 'yan kudu ma'aikata da ake tura arewa, musulmi da kirista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da muke da shi wanda za mu kawo wa taron shi ne gadon fatoma, sana'ar da muka ƙware a kai ƙarni bayan ƙarni.

To me ya kamata a yi? Ga abin da muke gabatarwa ga iyayenmu sarakuna da limamai da shugabannin ƙungiyoyi, su duba su gyara.

Na farko, a kafa masu tarba. Samari biyu ko uku da mace ɗaya dattijuwa, bi da bi daga masallatai da ƙungiyoyin unguwa, su kasance a bakin tasha lokacin isowar jirgin safe da tashin na yamma. Su kasance da riga mai alama da takardar dattawa, kuma kada a fara sai an nemi izinin shugabannin tasha da na jami'an tsaro a rubuce, domin kada aikin alheri ya zama abin zargi. Sharaɗinsu shi ne ba sa karɓar ko sisi daga matafiyi, ba sa riƙe kuɗin kowa, kuma ba sa tambayar baƙo addininsa ko ƙabilarsa kafin su nuna masa hanya.

Na biyu, a sami lambar waya guda ɗaya tak ta wannan aiki, a sanar da ita a masallatan Ngaundare da Garwa da Marwa ta hannun sarakunan Hausawa da dattawan can, domin wanda zai turo marar lafiya ko yaro ya kira tun jirgi bai tashi ba. Haka madugai suke yi a da, ɗan aike kan riga ayari isa zango.

Na uku, a tanadi ɗaki biyu a unguwa, na maza da na mata, inda baƙon da ya rasa masauki zai kwana uku kafin ya kama gabansa. Kuɗin wannan ba sai an je nesa ba. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su, kuma mahauta da dillalan shanu da 'yan kasuwar da arzikinsu ke saukowa a tarago su ne suka fi cancanta su fara sa hannu. A riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, domin amana ba ta rayuwa cikin duhu.

Na huɗu, a buɗe littafi. Masu tarba su rubuta sa'ar da jirgi ya iso kowace rana, da abin da fasinjoji suka kawo na yabo ko na kuka. A ƙarshen shekara, mu da sauran al'ummomin da ke hawa wannan jirgi mu kai wa ma'aikatar sufuri da masu riƙon jirgi takarda guda mai hujja. Kukan baki iska ke kwashewa, rubutu mai kwanan wata kuwa ba a musa shi. Daga abubuwan da za mu roƙa: duk sanarwar canjin lokaci a maimaita ta da Fulatanci da Hausa bayan Faransanci da Ingilishi, a wadata taron magariba da wurin alwala da na salla, a ba tsofaffi da marasa lafiya tagarsu, musamman yanzu da sayen tikiti ke komawa ta waya, abin da ba kowane dattijo ya iya ba, sannan a yi alkawari a rubuce cewa jiragen ma'adini ba za su ture jirgin mutane daga lokacinsa ba.

Na biyar ya shafi gidajenmu da makarantunmu. Malamai su ware darasi a kan hukuncin matafiyi, kasaru da haɗa salloli da yadda ake sallar asuba a cikin jirgi mai tafiya, domin tambaya ce da ke tasowa kowane dare. Iyaye su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa da katin shaida tun da wuri, kada kuma a ɗora ƙaramin yaro a jirgi ba tare da babba da aka sani ba. Matasa su sani cewa shiga ba tikiti cin dukiyar jama'a ne, kuma mai neman a ji kukansa sai ya zo da hannu mai tsabta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar miliyoyi ko izinin majalisa. Kakanninmu sun yi wanda ya fi shi wuya, ba waya, ba mota, ba takardar zama ɗan ƙasa, kuma da shi suka sayi mutuncin da muke ci har yau a garin mutane, har ake cewa in ka ɓata ka nemi unguwar Hausawa. An ce baƙonka annabinka. Gobe da hantsi jirgi zai shigo Elig-Essono kamar yadda ya saba, wani zai sauko da ƙullin kayansa ya tsaya yana waige-waige. Muna roƙon dattawa su sa wannan batu a zaman da ke tafe, limamai su ambace shi a huɗuba, matasan da ke da niyya kuma su kai sunayensu ga shugabannin masallatansu.

Allah ya kiyaye matafiya a tudu da kwari, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu Kamaru lafiya. Wassalamu alaikum.